Makarantu Biyu a Birnin Yawunde: Ta Maigida da Ta Injiniya

Unguwar Briqueterie ta samo sunanta ne daga wurin gasa tubali da ya taɓa kasancewa a can, amma abin da ya ɗaukaka ta shi ne Hausawa. Tun zamanin mulkin Jamus fatake suka bi hanyar Adamawa suka gangaro kudu, har suka yi kaka-gida a Yawunde. Sun zo da wata makaranta marar allo. Yaro yakan zauna a ƙarƙashin maigida shekara da shekaru, yana koyon ciniki da riƙon amana, da gane wanda za a ba bashi da wanda za a sallama da murmushi kawai. Idan ya ƙware sai a yaye shi da ɗan jari. Teloli da masu tsire na unguwar har yau kusan a kan wannan turba suke.

A 1971 aka kafa babbar makarantar koyon aikin injiniya ta ƙasa, wato Polytechnique, wadda ke unguwar Melen. Manufarta daban ce: samar wa sabuwar ƙasa ma'aikata da za su riƙe wutar lantarki, hanyoyi da jiragen ƙasa. Ɗalibi ya san aiki na jiransa, don haka maganar riba da asara ba ta shafe shi ba.

Tattalin arziki ne ya rushe wannan tabbaci. Daga tsakiyar shekarun 1980 farashin man fetur, koko da kofi ya faɗi, a 1993 aka zabtare albashin ma'aikata, sannan a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Ala tilas jami'o'i suka fara tambayar yadda injiniya zai kafa nasa kamfani.

Misalin da aka fi bayarwa shi ne Arthur Zang, tsohon ɗalibin makarantar, wanda ya ƙera Cardiopad, na'urar da ke auna bugun zuciya a karkara ta aika wa likita sakamakon ta wayar salula. Ya samu kyautar Rolex a 2014. Sai dai mutum ɗaya ba ya zama manhaja. Ana iya koyar da lissafin jari a aji, amma ɗalibin da ya kuskure maki kawai yake rasawa. Yaron shago a Briqueterie kuwa, idan ya ba da bashi ga wanda bai dace ba, da yamma zai tsaya gaban maigida ya yi bayanin inda kuɗin suka shiga.