Kuɗi ko Hutu: Tsohuwar Gardamar Leburorin Kano

Dokar ƙwadago ta 1974, wadda har yau ake aiki da ita a Najeriya, ta ba ma'aikaci hutun yini guda a kowane mako. Idan aka ci masa wannan rana, ko dai a rama masa hutun cikin kwana 14, ko a biya shi kuɗin ƙarin aiki. Sai dai dokar ba ta yanke nawa ne kuɗin ba, ba ta kuma ce lebura ne zai zaɓa ba. Tarihin masana'antun Kano ya nuna abin da zai ɗauka da an tambaye shi.

Cikin unguwannin masana'antu, Bompai ce ta fara tsayuwa tun ƙarshen zamanin Turawa, Sharaɗa da Challawa suka biyo baya da kuɗin man fetur suka shigo. Masaƙu da majemu da kamfanonin roba suka cika da samarin karkara da almajirai. Paul Lubeck, wanda ya yi bincike a cikinsu ya fitar da littafi a 1986, ya tarar yawancinsu ba su ɗauki aikin kamfani sana'ar dindindin ba. Burinsu su tara jari su koma kasuwa. Ga mai irin wannan buri, sa'ar da aka biya da kuɗi tana kusantar da shi ga teburinsa ko rumfarsa, hutu kuwa ba ya ƙara kwabo a asusu. Shi ya sa yajin aikin da ya girgiza kamfanonin Kano a 1971 ya tashi kan ƙarin albashin da kwamitin gwamnati na Adebo ya ba da shawarar a yi, da ariyas ɗinsa, bayan wasu masu kamfani sun yi ta jan ƙafa.

Wani zai ce jiki ba ƙarfe ba ne, kuma mai wuni cikin sinadaran jima a Challawa ya fi bukatar hutu da kowane ƙari. Gaskiya ne, leburorin ma ba su raina lokaci ba: sun yi ta tayar da jijiyar wuya kan a ba su damar yin salla a kan kari. Amma hutun ramuwa bashi ne da ke hannun maigida, shi ke sa ranar biya. Da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, da rashin wuta, da kwararowar atamfofin waje suka durƙusar da masaƙu, wanda ya karɓi kuɗinsa ya tsira da wani abu. Wa zai rama hutu a kamfanin da aka garƙame?

Gwamnatoci sun fi son biya da hutu, don ba ya taɓa baitulmali nan take. A Amurka, a 1985 majalisa ta yarje wa jihohi da ƙananan hukumomi su yi haka, amma da sharaɗi: sa'a ɗaya da rabi a madadin kowace sa'a, da iyakar sa'o'i 240 ga yawancin ma'aikata, kuma wanda ya bar aiki a biya shi ragowar da kuɗi. Tamu dokar ba ta da ko ɗaya cikin waɗannan. Ya kamata Majalisar Tarayya ta yanke mafi ƙarancin kuɗin ƙarin aiki, ta kuma bar zaɓi a hannun wanda ya yi gumin.