Naci da Iya Ƙawance: Halayen da Tsarin Zaɓe ke Fifitawa a Nijeriya da Nijar

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci halayen da kan kai ɗan siyasa ga kujerar mulki, ta hanyar kwatanta takarar Muhammadu Buhari a Nijeriya da ta Mahamadou Issoufou a Nijar, da kuma mulkin Balarabe Musa a tsohuwar Jihar Kaduna. Matsayarta ita ce, dokar zaɓe ce ke tantance halin da zai amfani mai shi.

Naci da Iyakarsa

Magoya baya sukan danganta nasarar gwaninsu da naci. Buhari ya sha kaye a 2003 da 2007 da 2011 kafin ya ci zaɓen 2015. Issoufou kuwa ya faɗi a 1993 da 1996 da 1999 da 2004, sai a 2011 ya hau mulki. To amma nacin nan yana tare da su tun daga takarar farko. Me ya sauya a takarar da ta kai su ga mulki?

Sashe na 134 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya shar'anta wa ɗan takarar shugaban ƙasa samun rinjaye, tare da kashi 25 cikin ɗari na ƙuri'u a kashi biyu bisa uku na jihohi. A 2011 Buhari ya tara ƙuri'u kimanin miliyan 12, galibinsu daga Arewa, waɗanda ba su cika wannan sharaɗi ba. Sai da jam'iyyarsa ta CPC ta narke da ACN da ANPP da wani ɓangare na APGA a 2013 aka haifi APC, sannan ƙofar Kudu maso Yamma ta buɗe masa. Mutumin da aka sani da ra'ayin riƙau ya yarda ya zauna inuwa ɗaya da abokan hamayyarsa.

A Nijar zagaye na biyu na zaɓe ne ya tilasta ƙawance. Issoufou ya kayar da Seyni Oumarou a watan Maris na 2011 bayan Hama Amadou, wanda ya zo na uku, ya mara masa baya. Ƙawancen bai yi ƙarko ba, domin a 2013 suka raba gari, abin da ke nuna cewa tsarin bai damu da riƙon amana ba muddin an ƙulla yarjejeniya a kan kari.

Farashin Tsayuwa kan Aƙida

Balarabe Musa ya zama gwamna a 1979 a ƙarƙashin jam'iyyar PRP, alhali jam'iyyar NPN ce ke da rinjaye a majalisar jiha. Ya ƙi raba muƙamai da ita, majalisar ta ƙi amincewa da sunayen kwamishinoninsa, ya yi mulki ba majalisar zartaswa har aka tsige shi a watan Yunin 1981. Tsayuwar da ta sa talakawa suka zaɓe shi ita ce ta hana shi kammala wa'adinsa, domin tsarin mulkin 1979 ya ɗora makomar gwamna a hannun kashi biyu bisa uku na 'yan majalisa.