Birnin Kebbi da Argungu: ina rayuwa ta fi sauƙi?

Yau za mu taɓa wata muhawara da ba ta ƙarewa a majalisu da tashoshin mota: tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, ina kuɗi ya fi auki? Tafiyar kamar awa guda ce tsakaninsu, gulbi ɗaya suke sha, fadama ɗaya suke nomawa. Amma kafin mu shiga kasuwa, sai mun ɗan koma baya.

Birnin Kebbi shi ne babban birnin Kabawa har 1805, lokacin da rundunar jihadi ta ci shi. Daga baya sarautar Kabi ta kafu a Argungu, aka shafe shekaru ana gwabzawa da Gwandu da Sakkwato. Bikin kamun kifi da duniya ta san Argungu da shi ma daga sulhu ya samo asali: a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara, aka karrama shi da su. Shi kuwa Birnin Kebbi ya zama mazaunin Sarkin Gwandu.

To, abin da ya raba aljihun garuruwan nan biyu ya faru ne ranar 27 ga Agusta, 1991, da gwamnatin Babangida ta cire jihar Kebbi daga Sakkwato, ta ba Birnin Kebbi hedikwata. Ma'aikatu suka taso, ma'aikata suka dawo daga Sakkwato da iyalansu, kowa na neman ɗakin haya. Ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru, ga jami'ar tarayya da aka kafa a 2013. Ai kun san duk inda albashi ya taru, kuɗin haya da na fili sai su bi shi.

Saboda haka kuɗin Birnin Kebbi na wata-wata ne. Na Argungu kuwa, duk da akwai ma'aikata da kwalejin ilimi ta Adamu Augie, galibi na kaka ne: shinkafar damina, ta rani, kifi, albasa. Shirin bashin manoma da Buhari ya ƙaddamar a jihar a 2015, da kamfanin casar shinkafa na WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017, sun ƙara ɗaure garin da shinkafa.

A nan fa lissafin yake rikicewa, kuma a ganina nan ne masu muhawarar ke yin kuskure. Idan buhun shinkafa ya tashi, ma'aikaci a Birnin Kebbi kuka yake yi, manomi a Argungu kuwa ya samu na auren 'ya da gyaran gida. Idan ya faɗi, sai su yi musayar kuka. Farashi ɗaya, wani tsada ya gani, wani riba. Ma'aikaci ya san ranar da nasa zai shigo, ko da bai isa ba. Manomi yana iya kama a wata guda abin da ya fi albashin watanni, sannan ambaliya irin ta 2020 ta zo ta share gonar kaf, ga bashin taki a wuya.

Abu guda da ya daki kowa shi ne cire tallafin mai a Mayun 2023. Mutumin Birni ya ji shi a kuɗin kabu-kabu, na Argungu ya ji shi a injin ban ruwa, don noman rani fetur yake sha. A 2024 gwamnatin jihar ta mayar da mafi ƙarancin albashi naira 75,000. Manomi babu wanda ya yi masa ƙari.

In kun tambaye ni, mai albashi da aka tura Argungu shi ya fi kowa morewa: kuɗinsa na wata-wata, haya da sauƙi, kifi da shinkafa kusa da inda suke fitowa. Wanda ya fi jin jiki kuwa shi ne mai aikin ƙarfi a Birnin Kebbi, da ba shi da albashi, ba shi da gona, ga mai gida na jiran kuɗin haya.

Mutanen Kabi, ku faɗa mana nawa ake kama ɗaki a unguwanninku bana.