Daji da Fadama: Inda Tarihin Ƙasar Janbako Yake Kwance

Baƙon da ya biyo hanyar Gusau zuwa Sakkwato ya sauka Talata Mafara da niyyar ganin tsohuwar ƙasar sarauta, abin da za a fara nuna masa shi ne ƙofar fada. Za a kai shi gaisuwa wurin Sarkin Mafara, a faɗa masa cewa a Bakura akwai Sarkin Burmi, a Maradun akwai Sarkin Kaya, kuma garuruwa irin su Janbako da Faru da Gora kowanne da nasa gidan sarauta da jerin sunayen waɗanda suka riƙe shi. Duk wannan gaskiya ne, kuma ya cancanci a tsaya a saurara. Sai dai wanda ya tsaya nan ya juya bai ga rabin abin da ya zo gani ba. Martabar wannan yanki, da sarautarsa da sana'o'insa da kiɗansa, daga daji da fadamar Gulbin Sakkwato ta fito. Ranar da aka raba mutane da waɗannan biyun aka fara rasa gadon, tun kafin a ji ƙarar bindigar farko a ƙauyukan Maradun.

Tarihin da kansa ya nuna haka. Bayan Gobirawa ƙarƙashin Sarki Babari sun ci Birnin Zamfara a shekarun 1760 suka kafa Alƙalawa, sarakunan Zamfara sun yi ta sauya mazauni kafin su tabbata a Anka, kuma wannan yanki na cikin wuraren da suka riƙe jama'ar da ta watse. Nan ne Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zo wa'azi a shekarun 1780, ya yi kusan shekara biyar a ƙasar Zamfara, Faru na cikin wuraren da ya zauna. Daga wannan zama aka kira shi Magami wajen 1788, inda Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a lokacin babbar salla. Shehu ya ƙi karɓar kyauta, ya nemi a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama masu rawani, a saki fursunoni, a sassauta wa talakawa haraji. A 1805, bayan asarar da jama'ar Shehu ta yi a yaƙin Tsuntsuwa lokacin jihadi, Sabon Gari na yankin Bakura ne ya zama masaukinta, daga nan kuma aka fita yaƙin da ya ci Birnin Kabi. Runduna mai yunwa ba ta zaɓar wuri don kyan suna. Tana bin inda akwai hatsi da ruwa da makiyaya. Dalilin da ya sa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mai da Bakura ribaɗi ya ajiye ɗan'uwansa Atiku a can bai yi nisa da wannan ba. Kuma ƙasar tana da ƙarfin da za ta iya ɗaga kai: a 1891 Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu ya rasu a Ƙauran Namoda yana kan hanyar yaƙar Mafara, magajinsa Abdurrahman ya ƙarasa aikin.

Wannan ƙarfi ya fi fitowa fili in an duba hannun masu sana'a. Ɗauki jima, wadda ta sa jar fatar akuyar ƙasar Sakkwato ta yi suna har ƙetaren Sahara. Majemi yakan jiƙa fata a ruwan toka har gashi ya saki, ya shimfiɗa ta bisa gungumen icce ya karce, sannan ya tsoma ta cikin ruwan bagaruwar da aka daka, yana murzawa yana matsewa har ta daina warin ɗanye ta yi laushi. Ja daga karan dafi yake zuwa, baƙi kuwa daga kuloko. A cikin wannan aiki ba abin da aka sayo daga nesa: akuyar ta gida ce ko ta ruga, bagaruwar ta bakin fadama, tokar ta murhu. Haka maƙeri yake neman gawayin ƙirya domin shi ke riƙe wuta har ƙarfe ya yi ja, masassaƙi yake shiga daji neman iccen turmi da akushi da ƙotar fartanya, mai saƙar tabarma da faifai take jiran kaba, maginiyar tukwane take haƙo yumɓu inda ruwa ya janye, marini yake dogara da baba. Matan Fulani kuwa adon ɗakinsu ƙorai ne, kuma manomin da ya shuka duma da gyartan da ya fafe ya zana ya ɗinke tsaga duk da su suke ciniki. Zamfarawa da Burmawa da Gobirawa da Fulani sun haɗu a kasuwar Talata da sauran kasuwannin mako domin kowa na buƙatar abin da ɗan'uwansa ya fito da shi daga daji.

Ko waƙar fada, wadda ita ce abin da duniya ta fi sanin yankin da shi, ba ta fita daga wannan lissafi ba. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda aka haifa a ƙasar Bakura ya tashi a gidan kiɗa na Maradun tare da wansa Kurna, da kiɗan noma ya fara kafin ya kai ga yi wa Sardauna waƙa, ya rasu a 1991. Sa'idu Faru, da ake yi wa laƙabi da Malamin Waƙa, ya ɗauki sunan garinsu ya kai shi kowane gidan rediyo, kuma babban ubangidansa shi ne Muhammadu Macciɗo, wanda ya zauna Talata Mafara a matsayin Sarkin Kudu kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1996. Kotson da suke kaɗawa icce ne da aka fafe, baki ɗaya a rufe da fata ɗaya a buɗe, da tsarkiyar da makaɗi ke matsawa don sauya murya, da ɗan nake a tsakiyar fatar, ana bugawa da hannu. Kafin makaɗi ya buɗe baki, masassaƙi da majemi da makiyayi sun riga sun sa hannu a waƙar. Kuma duk mai sauraron waɗannan mawaƙa ya san yadda suke cika baitocinsu da giwa da zaki da ɓauna da kada. Sun yi haka ne domin masu sauraronsu sun san dawa, kirarin yana da ma'ana a kunnensu.

To wa ke tsaron dajin a da? A tsarin gargajiya daji yana da masu shi: sarkin dawa da maharba, arɗo da ke sanin wace ruga ta sauka da wadda ta tashi, dagacin da ba a sare sabuwar gona sai da saninsa. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903 suka yanka ƙasar gunduma-gunduma, En'e ta keɓe gandun daji ta sa malaman daji, aka shata burtali da mashaya, a 1965 kuma gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya cire iko daga hannun hakimai, dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta miƙa filaye ga gwamna da ƙaramar hukuma. Ba laifi ba ne a karɓe iko daga hannun mutum ɗaya a ba hukumar da jama'a za su iya tuhuma. Laifin shi ne an karɓe ikon, aikin kuwa ba wanda ya ɗauka. Gandu ya koma abin rabo, burtali ya shige gona, makiyayi da manomi suka rasa wanda zai raba su tun rigima tana ƙarama.

Fadama kuma ta gamu da nata a daidai wannan lokaci. Tsakanin 1974 da 1978 kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya gina madatsar ruwa ta Bakalori a kan Gulbin Sakkwato, mai ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 450. Tafkin ya cinye gonaki da gidaje a ƙasar Maradun, aka tashi dubban mutane zuwa tudun da bai kai fadamarsu albarka ba, waɗanda ke filin ban-ruwa kuma aka hana su shuka ana gyaran fili, biyan diyya ya yi ta jan ƙafa. Da manoma suka tare hanyoyin aikin, a ƙarshen Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta a Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan, amma adadin da ya fi yawo a rubuce-rubuce shi ne mutum 386. Ba a musun cewa Bakalori ta kawo shinkafa da noman rani, kuma dubban gidaje na ci daga gare ta yau. Amma a ƙasan madatsar ambaliyar da ke shayar da fadama kowace damina ta ragu, shinkafar gargajiya da kamun kifi suka ja baya, itatuwan da aka tumɓuke don daidaita fili kuma ba su dawo ba.

Wani zai ce ana ɗora wa daji abin da kasuwa ta yi: roba ce ta kori ƙwarya da tulu, atamfa ta kori saƙi, kuma haka abin yake ko'ina. Akwai gaskiya a nan, kuma ba mai hankalin da zai ce uwar gida ta koma ɗaukar tulu alhali ga jarka. Amma kasuwa ba ta kashe kowace sana'a ba. Marinar Ƙofar Mata na nan a Kano, dukawan Sakkwato na sayar da kayansu, turmi da fartanya da tabarma har gobe ba gidan ƙauye da ke rasa su. Inda mai sana'a ke iya samun kayan aiki ya kai kasuwa lafiya, yakan sauya salo ya rayu. Wanda ba ya iya shiga daji saro icce, kuma kasuwar mako ta zama wurin tsoro, ba shi da wannan dama. Lokacin da gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako ta katse layukan waya a 2021 don matsa wa 'yan bindiga, masassaƙi da maginiya na cikin waɗanda abin ya fara taɓawa, ko da yake ba a cika ambatonsu ba.

Wani kuma zai ce wannan duk begen mulkin sarakuna ne, alhali talaka ya sha jangali da haraji da aikin tilas a hannunsu, kuma kwamitin da gwamnatin jiha ta kafa a 2019 ƙarƙashin tsohon sufeto-janar na 'yan sanda Muhammad Abubakar ya zargi wasu masu sarauta da hannu a ta'asar 'yan bindiga. Wannan suka ce mai nauyi, kuma buƙatun Shehu a Magami sun isa shaida cewa zaluncin fada tsohon abu ne. Abin da ake nema a dawo da shi ba bulalar dogari ba ce. Sani ne: wanda ya san kowane kwazazzabo da kowace rijiya da sunan kowane arɗo, kuma ana iya kama shi da laifi in abu ya ɓaci a ƙasarsa. Wannan sanin yana nan a kan tsofaffin maharba da makiyaya da dagatai, kuma kullum raguwa yake.

Suka mafi zafi ita ce ta lokaci. Yaya za a yi maganar ziyara da kayan tarihi a ƙasar da aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a Fabrairun 2021, aka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura a Agustan shekarar, aka ɗauke ɗalibai daga makarantar Kaya a farkon Satumba, aka kashe mutane da dama a Janbako da Sakkiɗa a Yunin 2023? Dajin Sububu da Bayan Ruwa yau sunaye ne da ake faɗa da fargaba. Ba wanda zai ce wa baƙo ya nufi can, kuma ran mutum ɗaya ya fi duk ƙoran duniya. Amma maganar gadon da maganar tsaron hanya ɗaya suka biyo. Soja na iya korar ɗan bindiga daga daji, ba ya iya zama a ciki har abada; wanda zai zauna shi ne makiyayi mai burtali, da masassaƙi mai izinin sara, da manomin da ya san iyakarsa. Yankin kuwa ba a ce ya rasa masu faɗa a ji ba, tunda tun daga 1999 ya ba Zamfara gwamnoni uku: Ahmad Sani daga Bakura, Abdul'aziz Yari daga Talata Mafara, Bello Matawalle daga Maradun.

Akwai kuma aikin da ba ya jiran a gama yaƙi. Mutum-mutumin yumɓu na dā da aka yi ta haƙowa a yankin Kwatarkwashi sun fice zuwa kasuwannin Turai kafin masana su rubuta yadda aka same su a ƙasa, abin da ya tafi da su na ilimi kuwa ba ya dawowa. Tsofaffin majema da maƙera da 'yan amshin manyan mawaƙa da yawa suna gudun hijira a Talata Mafara da Gusau, inda ɗalibin Kwalejin Abdu Gusau ko na jami'ar tarayya da ke Gusau zai iya zama da su da wayar hannu kawai. Garba Nadama ya rubuta tarihin daular Zamfara a Jami'ar Ahmadu Bello a 1977, lokacin da ana iya bin ƙauyukan nan ɗaya bayan ɗaya ana tambayar dattawa. Masarautun Mafara da Bakura da Maradun na iya haɗa kai su ware ɗaki guda a ajiye kotso da zugazugi da ƙorai da muryoyin masu su, a kuma rubuta sunayen burtaloli da mashayu da iyakokin gandu kamar yadda tsofaffi suka san su, domin ranar da za a koma zauna dajin da wannan rubutu za a shata iyaka.