Ciwon Tayirod: Yadda Ake Karanta Sakamakon Gwajin Jini, da Batun Magungunan Ƙarin Sinadari

Tayirod wata 'yar tsoka ce a gaban wuya, ƙasa da maƙogwaro. Ita ce ke kumbura har a ce mutum ya yi maƙoƙo. Aikinta fitar da sinadarai biyu, T4 da T3, masu daidaita saurin aikin jiki. Idan ta yi sanyi sai komai ya yi sanyi: kasala, jin sanyi ko a cikin zafin Legas, ƙiba ba dalili, bushewar fata, zubewar gashi, taurin bahaya, mantuwa, da rikicewar al'ada ga mata. Mata sun fi maza kamuwa nesa ba kusa ba.

Da yawa suna shan magani amma gajiyar ba ta tafi ba, sai a koma kemis ana sayen ƙwayoyin ƙarin sinadari masu tsada. Kafin a kashe kuɗin, ya kamata a fara fahimtar abin da takardar gwaji ke faɗa.

Mene ne TSH?

TSH ba tayirod ke fitar da shi ba. Daga wata tsoka yake fitowa a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, mai suna fituwitari, wadda ke ba tayirod umarnin aiki. Idan tayirod ta yi ƙasa a gwiwa, sai fituwitari ta ƙara ɗaga murya. Shi ya sa lissafin yake a juye: TSH ya hau, tayirod ta yi rauni ke nan, TSH ya sauka sosai, sinadarin ya yi yawa a jiki. A nan ne mutane suka fi rikicewa.

A yawancin ɗakunan gwaji, ma'aunin lafiya na TSH ga babba daga 0.4 ne zuwa wajen 4.0 ko 4.5. Shi kuma FT4, wato T4 da ke yawo a sake cikin jini, wasu na rubuta 12 zuwa 22, wasu 0.8 zuwa 1.8, saboda ma'aunin da suke amfani da shi ya bambanta. Don haka ka duba iyakar da aka buga a gefen sakamakonka, kada ka gwada lambarka da ta maƙwabcinka.

Fassarar sakamako

TSH sama, FT4 ƙasa: raunin tayirod ne bayyananne, kuma yana buƙatar magani.

TSH sama, FT4 daidai: rauni ne mai sauƙi. Ana sake gwaji bayan wata 2 zuwa 3, don sau da yawa yakan daidaita da kansa. Likitoci kan fara magani idan TSH ya kai 10, ko mace na da ciki ko tana neman haihuwa.

TSH ƙasa, FT4 sama: ko dai tayirod na aiki fiye da kima, ko maganin da ake sha ya yi yawa.

FT4 ƙasa amma TSH bai hau ba: matsalar na iya zama daga fituwitari. Ana ganin haka ga macen da ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa, daga baya nono ya ƙi zuwa, al'ada ta ɗauke. Wannan sai ƙwararren likita.

Akwai kuma gwajin TPO. Idan ya yi sama, garkuwar jiki ce ke yaƙar tayirod, cutar da wani likitan Jafan, Hakaru Hashimoto, ya bayyana a 1912. Sau ɗaya ya isa a yi shi, ba sai an yi ta maimaitawa ba.

Abin da ke ɓata gwaji

Kada a yi gwajin ana tsakiyar zazzaɓi mai tsanani ko kwanciyar asibiti, sai an warware. Idan an canza yawan magani, a jira mako 6 zuwa 8, domin maganin na daɗewa kafin ya zauna a jiki. Ranar gwaji gara a ɗebi jini da safe, sannan a sha ƙwayar.

Sai bayotin, wanda ke cikin ƙwayoyin gyaran gashi da fata da mata ke sha. Ba ya taɓa tayirod, amma yana ruɗar injin gwaji ya nuna TSH ƙasa, T4 sama, har likita ya rage maganin da bai kamata a rage ba. Hukumar FDA ta Amurka ta yi gargaɗi kan wannan a 2017. A dakatar da shi aƙalla kwana 2 kafin gwaji, kuma a gaya wa likita.

Ina shan magani, me ya sa ban ji sauƙi ba?

Maganin shi ne lebotayiroksin, wanda ake samu da sunaye irin su Euthyrox da Eltroxin. Ƙwaya ce mai tsirfa, ba ta son abokin tafiya. A sha ta da ruwa zalla, ciki ba komai, a jira minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo. Wanda ya kora ta da shayi mai madara ko kofi ya rage mata ƙarfi. Waken suya ma haka, wato awara da madararsa.

Maganin ƙarin jini, kalsiyam, da ruwan maganin gyambon ciki suna kama ta a hanji. A raba su da ita da awa 4. Mai shan omefrazol kullum ko mai gyambon ciki shi ma ya sanar da likita. Zafi da laima na kashe ƙwayar, don haka ban da ajiye ta a mota, kicin ko aljihu. A saya a kemis mai rajista, a duba lambar NAFDAC. Lokacin azumi kuma a tashi da wuri a sha kafin sahur, ko a sha da dare awa 3 bayan abincin ƙarshe.

Idan duk an kiyaye, TSH ya daidaita, amma kasalar na nan, to a nemi dalili a wani wuri: ƙarancin jini, ferritin mai nuna ajiyar sinadarin ƙarfe, bitamin B12, bitamin D, ciwon suga, rashin isasshen barci, ko damuwa. Ƙara wa kai magani ba da izinin likita ba yana jawo bugun zuciya ba daidai ba da raunin ƙashi.

Ƙwayoyin ƙari: wanne ke da amfani?

Aidin: babba na buƙatar maikrogiram 150 a rana, mai ciki 250. Tun farkon shekarun 1990 Najeriya ta wajabta sa aidin a gishiri, ga kuma kifin teku a kudu. Ga mai cutar Hashimoto, yawan aidin, musamman ƙwayoyin ciyawar teku, ƙara dagula lamari yake yi. Rogon da ba a jiƙa an sarrafa da kyau ba, da gero, suna iya taimaka wa maƙoƙo fitowa, amma inda aidin ya yi ƙaranci ne. Mai cin gishiri mai aidin ba sai ya bar garin kwaki ko fura ba.

Seleniyam: buƙatar babba maikrogiram 55 ce. Yana iya rage TPO a takarda, amma bincike bai nuna yana kawar da gajiya ba. Wuce 400 a rana na zubar da gashi da lalata farce.

Ƙarin jini, B12 da bitamin D: suna aiki sosai ga wanda gwaji ya nuna yana da ƙarancinsu. Ga wanda ba shi da ƙaranci, asarar kuɗi ce.

Ƙwayoyin "ƙarfafa tayirod" na intanet: wani bincike da aka buga a Amurka a 2013 ya gwada kala 10, ya tarar da sinadarin T3 a cikin 9. Ma'ana mutum na shan magani mai ƙarfi bai san adadinsa ba. Haka batun yake ga haɗe-haɗen da ba a rubuta abin da ke ciki ba.

Mata masu ciki

Da zarar ciki ya tabbata, ki je asibiti a makon, kada ki daina shan ƙwayar. Yawanci ana ƙara ta da kusan kashi 25 zuwa 30 cikin 100, saboda ƙwaƙwalwar jariri a watannin farko da sinadarin uwa take ginuwa. Ba ta cutar da ciki ko shayarwa.

Ina za a je?

Manyan asibitocin koyarwa irin su LUTH a Idi-Araba, UCH a Ibadan da UPTH a Fatakwal suna da likitocin wannan fanni, galibi sashe ɗaya da masu ciwon suga. Ku tafi da tsofaffin takardun gwaji da kwalayen duk abin da kuke sha, har na gargajiya. Idan kumburin wuya na girma da sauri, murya ta dushe, ko haɗiya da numfashi na wahala, kada a jira ranar da aka ba ku. Allah Ya ƙara mana lafiya.