Ɗora wa Na'urorin USB Manhajar Ciki Kai Tsaye a Tsarin Dangin Unix: Nazari daga Yanayin Garin Lolo

Tsakure

Maƙalar ta nazarci yadda Linux da FreeBSD da OpenBSD ke ɗora wa na'urorin USB manhajar ciki da zarar an jona su, ba tare da sa hannun mutum ba. An auna hanyoyin da yanayin aiki a Lolo, garin kan iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Benin a Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi. Nazarin ya nuna cewa dabarar ɗorawar ta daɗe da kankama. Cikas ɗin yana wajen mallakar fayil ɗin manhajar da kuma sake ɗora shi duk sadda wuta ta ɗauke.

1.0 Gabatarwa

Manhajar ciki ita ce umarnin da ke tafiyar da ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke jikin na'ura. Wasu kamfanoni, don rage kuɗin ƙira, ba sa ajiye ta a ma'ajiyar dindindin. Sai su bar wa kwamfuta nauyin zuba ta a ma'ajiyar wucin gadi duk lokacin da aka kunna na'urar. Idan lantarki ya yanke, umarnin ya goge.

Wannan ƙira ta ɗauka cewa wuta ba ta yawan ɗaukewa, kuma intanet na nan a kusa. A garin kan iyaka irin Lolo, inda buga takardun kaya da na makaranta kan dogara da janareta ko hasken rana, zaton bai cika tabbata ba.

2.0 Hanyar Bincike

An bi bayanan da masu haɗa waɗannan tsare-tsare suka wallafa, aka kwatanta su ta fuska 3: mai gano na'urar, mazaunin fayil, da mai ɗora shi. An ɗauki misalai 2: firintar HP LaserJet 1020, wadda ake yawan gani a shagunan buga takardu na Arewa, da kan wayfay mai ƙwaƙwalwar Atheros AR9271.

3.0 Sakamako

Kowace na'urar USB kan gabatar da lambobi 2, ta kamfani da ta samfuri. Na firintar su ne 03f0:2b17, na kan wayfay ɗin kuwa 0cf3:9271. Da su tsarin ke gane abin da aka jona.

A Linux hanya biyu ce. Ta farko, direban da ke cikin zuciyar tsarin shi ke neman fayil ɗin. Tun daga fitowa ta 3.7 a shekarar 2012, zuciyar da kanta take ɗauko shi daga /lib/firmware. Haka direban ath9k_htc ke yi wa AR9271. Ta biyu, manhajar udev, wadda Greg Kroah-Hartman ya fara a 2003, ita ke jin shigowar na'ura, ta duba ƙa'idar da aka rubuta, ta tayar da shirin ɗorawa. Ta nan ne foo2zjs na Rick Richardson ke tura wa firintar fayil ɗin sihp1020.dl. Kafin turawa, shirin kan tambayi firintar ko tana ɗauke da manhajar, don kada a maimaita aikin in kebul kawai aka zare aka mayar.

Na'urorin da aka ƙera da ƙwaƙwalwar EZ-USB ta kamfanin Cypress suna da wani hali na daban. Bayan fxload ya ɗora musu manhaja, sai su yi kamar an zare su, su dawo, galibi da sabuwar lamba. Ƙa'idar da ba ta bambance lambar farko da ta biyu ba na iya sa ɗorawar ta yi ta maimaituwa ba iyaka.

FreeBSD na amfani da devd, wanda ke karanta ƙa'idojinsa daga devd.conf. OpenBSD kuwa na da hotplugd don jin shigowar na'ura, da fw_update da ke sauko da fayiloli zuwa /etc/firmware.

4.0 Tattaunawa

Misalan biyu sun rabu a wajen lasisi. An buɗe asalin rubutun manhajar AR9271 a 2013, don haka kowa na iya rarraba ta. Ta firintar kuwa mallakar kamfani ce: ko dai a sauko da ita ta hp-plugin na HPLIP, ko ta getweb na foo2zjs, kuma duka biyun sai da intanet. Mai shago da ya sanya Linux ba tare da data ba zai ga kwamfuta ta gane firinta, ta karɓi aiki, amma takarda ba ta fito ba. Cikin sauƙi sai a ɗora laifin kan firinta ko kan Linux, alhali fayil guda ne ya rage.

Aikin Debian, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, ya rage wannan wahala. Bayan ƙuri'ar da masu haɗa shi suka kaɗa a 2022, fitowa ta 12 a watan Yunin 2023 ta zo da manhajojin ciki da dama a faifan sanyawa. Sai dai waɗanda lasisinsu ya yarda a rarraba kaɗai ake iya haɗawa.

Sauyawa daga wutar gari zuwa janareta kashewa ce da kunnawa a wurin firinta, ko da kwamfutar tafi-da-gidanka ba ta mutu ba. Saboda haka ɗorawa sau ɗaya lokacin tashin kwamfuta ba ta wadatarwa. Dole a ɗaure ta da shigowar na'ura. Kuma tun da udev kan tsinke shirin da ya ja lokaci, ya fi dacewa ƙa'idar ta miƙa aikin ga systemd, mai kula da shirye-shiryen tsarin.

Akwai kuma batun tsaro. Karsten Nohl da Jakob Lell sun nuna a 2014 cewa ana iya sauya manhajar cikin filashi ta koma makamin kutse. Fayil ɗin da ke yawo hannu da hannu na buƙatar a tantance shi da lambar SHA-256 kafin a ajiye shi.

5.0 Kammalawa da Shawarwari

Ga mai aiki a Lolo da makamantanta, manhajar ciki kayan aiki ce da ya kamata ta zauna a kwamfuta tun ranar sanyawa. Masu gyara su sauko da fayilolin a inda sabis ke da ƙarfi, su gwada ƙa'idar ta hanyar kashe na'urar daga soket, ba zare kebul kaɗai ba. Sassan kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da jami'ar jiha da ke Aliero na iya tanadar rumbun fayilolin da lasisi ya halatta, tare da jagora cikin Hausa da Faransanci don amfanin ɓangarorin iyakar biyu.