Ganyen darbejiya: abin da madubin bincike da ilmin sinadarai suka gano

Darbejiya, wadda ake kira dogon yaro ko maina a wasu sassan ƙasar nan, bishiya ce da asalinta yake yankin Indiya. Masana tsirrai na kiranta Azadirachta indica, kuma dangi ɗaya suke da maɗaci. Ganyenta yakan kai tsawon santimita 20 zuwa 40, ɗauke da ƙananan ganyaye masu baki kamar zarto a jere hagu da dama. A kan bishiya babu mai ɓata wajen gane shi. Matsalar tana tasowa ne idan aka shanya shi aka daka, domin garin ganye kore duk kamanninsa ɗaya, kuma mai saye a kasuwa ba shi da hanyar sanin ko an gauraya masa da wani abu. Akwai ma kurnan nasara, 'yar uwar darbejiya mai kama da ita, wadda 'ya'yanta ke da guba.

A nan ne madubin da ke girmama ƙananan abubuwa yake da amfani. Idan aka yanko ganyen siriri ƙwarai aka duba, za a ga fata a sama da ƙasa, kowace lulluɓe da wani shafi mai kama da kakin zuma, wanda ke rage fitar ruwa a lokacin zafi. Ƙarƙashin fatar sama akwai dogayen ƙwayoyin halitta tsaye a jere kamar karan danga, cike da koren sinadarin da ke kama hasken rana. Daga nan sai wasu ƙwayoyin masu sako-sako, da sarari a tsakaninsu inda iska ke zagayawa. Ƙofofin numfashin ganyen galibinsu a fatar ƙasa suke, ɓangaren da rana ba ta duka kai tsaye. Ana kuma samun 'yan gashi masu ƙwaya ɗaya, da wasu duwatsu ƙanana na gishirin kalsiyam waɗanda suka taru kamar fure. Daka ba ya shafe waɗannan alamomi, saboda haka da su masu binciken magunguna ke tantance garin ganye na gaskiya.

Ɗacin darbejiya kuwa ya fito ne daga wani rukunin sinadarai da ake kira limonoyid. A 1942 masanin sinadarai Salimuzzaman Siddiqui ya ware nimbin daga man 'ya'yan bishiyar. A 1959 Bajamushen masanin ƙwari Heinrich Schmutterer ya lura a Sudan cewa fara ta cinye kusan kowane tsiro amma ta bar darbejiya. Amsar wannan ta zo a 1968, lokacin da Butterworth da Morgan a Jami'ar Keele ta Ingila suka ware azadiraktin. Wannan sinadari yana hana ƙwaro cin abinci, yana kuma dagula masa saɓar fata, don haka tsutsa ba ta kai ga girma. Ginin ƙwayarsa yana da sarƙaƙiya matuƙa, har ta kai sai a 2007 ne rukunin Steven Ley a Jami'ar Kambirij ya iya haɗa shi a ɗakin gwaji, bayan aikin fiye da shekara 20.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, azadiraktin ya fi taruwa a cikin ƙwallon 'ya'yan, ganye kaɗan yake ɗauke da shi. Wannan ne ya sa maganin feshi da aka yi da dakakken ƙwallo ya fi na ganye ƙarfi. Hasken rana kuma yana lalata sinadarin cikin 'yan kwanaki, shi ya sa aka fi so a yi feshin da yamma. Ganyen nasa rabon ya haɗa da nimbolayid da kwasetin.

Batun zazzaɓin cizon sauro yana buƙatar taka-tsantsan. An daɗe ana dafa ganyen a sha ko a yi surace da shi, kuma gwaji a ɗakin bincike ya nuna cewa gedunin, ɗaya daga sinadaran bishiyar, yana kashe ƙwayar cutar a cikin kwalba. Sai dai kwalba daban, jikin mutum daban. Yawan sinadarin da ke cikin tukunya guda yana sauyawa gwargwadon bishiya, da lokacin tsinka, da daɗewar tafasa, kuma ɗaci ba ma'aunin ƙarfin magani ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sanya darbejiya cikin magungunan wannan zazzaɓi ba.

Man darbejiya ya fi ganye haɗari. Likitoci a Indiya da Malesiya sun ba da rahoton jarirai da aka ɗura wa man, suka kamu da amai da jijjiga da fita hayyaci, wasu ma suka rasu. Ana kuma shawartar mata masu juna biyu su guji shan duk abin da aka haɗa da ita.